Yadda za ka haɗa lissafin shagunanka da Power Query da Power BI, ka kuma riƙe makullansa

Wata ranar Litinin, a ofishin wani dillalin taki da iri da maganin feshi a nan Jos, aka ajiye wa Alhaji takardu biyu, ɗaya daga akanta, ɗaya daga gare ni. Duka suna magana a kan cinikin watan Yuni na shagunansa biyar: Jos, Bukuru, Mangu, Bokkos da Shendam. Jimillar ba ta zo ɗaya ba. Ya zare tabarau ya dube mu, ya ce, "To, a cikinku wa zan yarda da shi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini uzuri zuwa la'asar."

Kafin la'asar na gano cewa tawa takardar ce mai kuskure, ita da ta fi ado da zane-zane masu launi. Laftof ɗin shago ɗaya an saita ta da tsarin kwanan wata na Amurka, inda wata ke gaba, rana na baya. Yaron shago yana rubuta 05/06 da nufin 5 ga Yuni, kwamfuta tana ajiye 6 ga Mayu. Haka cinikin kwana goma sha ɗaya ya watse cikin wasu watanni, 06/06 kaɗai ta tsira, don ita ko ta ina ka juya ta ɗaya ce. Akanta kuwa da littafi da biro ya yi nasa.

Tun daga ranar na sauya yadda nake jera aikin. Zana jadawali shi ne na ƙarshe, kuma shi ya fi sauƙi. Wahalar tana wajen shigar da bayanai, da wanke su, da sanin wanda ke riƙe da makulli. Ga yadda nake bi, da Excel da Power BI Desktop, manhajar Microsoft ta haɗa bayanai da zana rahoto, wanda kyauta ake sauke shi amma a Windows kawai yake aiki. Idan kwamfutarka ba ta kai 8 GB na RAM ba, za ka sha jira.

Mataki na farko: gyara takardar da ake cikewa a shago

Tun ran gini tun ran zane. Kai za ka tsara fayil ɗin Excel guda ɗaya ka raba wa kowane shago, kada ka bar kowa ya ƙirƙiro nasa. Layin farko sunayen ginshiƙai ne, wato layukan tsaye: Rana, Shago, Lambar Kaya, Adadi, Ma'auni, Farashi, Hanyar Biya, Wayar Mai Saye. Kowane ciniki layi ɗaya. Ka danna Ctrl da T don ya zama teburi na gaske mai faɗaɗa kansa.

Abin da za ka hana shi ne kwalliya. Ba haɗe gidaje biyu su zama ɗaya, ba babban take a sama da sunan kamfani da adireshi, ba layin jimilla a tsakiya ko a ƙasa. Wannan layin jimillar shi ke ninka ciniki sau biyu idan aka haɗa fayiloli. Kada kuma launi ya ɗauki ma'ana. Akwai manajan da ke shafa ja a kan duk wanda ya karɓi kaya bashi. Power Query, wato sashen Power BI da ke jawo bayanai ya wanke su, ba ya ganin launi, don haka bashin sai ya shige cikin kuɗin hannu. A rubuta "Bashi" a ginshiƙin Hanyar Biya, shi ke nan.

Sai ka shiga Data, ka zaɓi Data Validation, ka sa List a kan Shago da Lambar Kaya da Ma'auni da Hanyar Biya, yadda mai cikewa zai zaɓa daga jeri maimakon ya rubuta da ka. A kan Rana ka sa Date tare da iyakar farkon wata da ƙarshensa; da na yi haka tun farko, da 6 ga Mayu ba ta shiga fayil ɗin Yuni ba. Sannan ka bi kwamfutocin shagunan ɗaya bayan ɗaya, a saitin Region na Windows, ka mayar da tsarin zuwa English na Najeriya.

Maganar ma'auni ta cancanci a zauna a kanta da Alhaji da manajoji kafin a fara. Buhun taki kilo 50 ne, amma a shago ana fasa buhu a sayar da mudu. Maganin feshi akwai na lita guda, akwai ƙaramar kwalba. Idan ginshiƙin Adadi ya ce 10 kuma ba a faɗi ko buhu ne ko mudu ba, babu manhajar da za ta cece ka. Ku yanke kilo nawa za ku ɗauki mudu a lissafinku, a rubuta a teburin kaya, kowa ya bi.

Mataki na biyu: jawo fayilolin wuri ɗaya

Ka buɗe folda guda, ka riƙa zuba fayil ɗin kowane shago na kowane wata da suna mai tsari, kamar 2025-06_Mangu. Shekara, wata, shago. Wannan sunan zai yi maka amfani nan gaba kaɗan.

A Power BI Desktop ka danna Get data, ka zaɓi Folder, sannan Transform Data. Kada ka yi gaggawar haɗawa. Ka fara tace jerin: ka bar masu ƙarewa da .xlsx kawai, ka cire duk wanda sunansa ya fara da ~$, domin wannan fayil ne na wucin gadi da Excel ke ajiyewa idan wani ya buɗe takarda, kuma yana karya sabuntawa, wato sake jawo sababbin bayanai cikin rahoto. Bayan haka ka danna maɓallin haɗa fayiloli da ke kan ginshiƙin Content. Power Query zai ɗauki fayil ɗaya a matsayin samfuri ya bi sauran da shi, shi ya sa sunayen ginshiƙai dole su zama iri ɗaya harafi da harafi. Ginshiƙin Source.Name da zai fito kada ka goge shi. Shi ne zai nuna maka daga wane fayil kowane layi ya zo ranar da rigima ta tashi.

Adireshin foldar kuma ka mayar da shi abin sauyawa ta Manage Parameters. Ranar da ka koma wata kwamfuta, wuri ɗaya za ka gyara.

Idan injin lissafin shago fayil ɗin CSV yake fitarwa, wato teburi a rubutu zalla, kada ka buɗe shi da danna sau biyu. Ta Get data za ka shigo da shi, ka duba File Origin ya zama 65001, wato UTF-8. In ba haka ba haruffanmu masu lanƙwasa za su koma shirme: ƙwari ya zama Æ™wari, alamar naira ma ta tarwatse. Buɗewa kai tsaye a Excel sannan a adana kuwa yana iya lalata fayil ɗin har abada.

Mataki na uku: wanki

Nan ne rabin aikinka yake, har da ɗoriya.

Fara da duba ƙasan allon Power Query. Za ka ga rubutu yana cewa binciken ginshiƙai a kan layuka 1,000 na farko aka yi shi. Danna shi ka mayar kan dukkan bayanan, sannan a View ka kunna Column quality da Column distribution. Mutane da yawa suna ganin babu kuskure ko ɗaya su yi hamdala, alhali ɓarnar tana layi na dubu bakwai.

Lambar waya rubutu ce, ba lissafi ba. Lambobinmu goma sha ɗaya ne kuma da sifiri suke farawa. Da zarar an ɗauke su a matsayin adadi, sifirin ya tafi. Haka lambar asusun banki mai lamba goma, da yawa da sifiri take farawa. Excel kuma lamba 15 kawai yake riƙewa daidai, duk abin da ya wuce nan sifiri yake mayar da shi, saboda haka doguwar lambar shaidar tura kuɗi ta banki takan lalace ba tare da kowa ya lura ba. Power Query yakan saka matakin Changed Type da kansa ya yi hasashen nau'in kowane ginshiƙi. Ka goge wannan matakin ka zaɓa da hannunka: waya da asusu da lambar rasit su zama Text, kuɗi ya zama Fixed decimal number. Idan sifirin ya riga ya ɓace tun daga shago, ga maganinsa a sabon ginshiƙi:

Text.PadStart(Text.From([Wayar Mai Saye]), 11, "0")

Amma ka fara duba waɗanda aka rubuta da 234 a gaba, ka mayar da su tsari ɗaya, in ba haka ba manomi ɗaya zai fito mutum biyu.

Kwanan wata kuma, idan a rubuce ya zo, danna dama a kan ginshiƙin, Change Type, Using Locale, ka zaɓi Date da English na Najeriya ko na Birtaniya. Idan ka ga lamba kamar 45658 a gurbin rana, kada ka firgita: Excel ƙirga kwanaki yake yi tun daga farkon 1900, kuma 45658 ita ce 1 ga Janairu 2025. Sauya nau'in zuwa Date zai daidaita ta. Abin da wannan ba zai gyara ba shi ne irin abin da ya same ni, inda kwamfutar shago ta riga ta ajiye ranar a juye. Tarkon da nake kafawa yanzu shi ne: na ciro shekara da wata daga Source.Name, na kwatanta da watan da ke cikin Rana. Duk layin da suka saɓa ya tafi teburin tuhuma.

Sai sunaye. Allah ya kiyashe ka da sunaye. Barkin Ladi, Barikin Ladi, B/Ladi. Qua'an Pan da waƙafin sama, da Quanpan, da Kwanpan. Maganin ƙwari, maganin kwari, maganin k'wari, gwargwadon allon rubutun da ke wayar mai cikewa. Ka fara da Trim da Clean a ƙarƙashin Format, amma ka sani Trim na Power Query gefe da gefe kawai yake sharewa, ba ya rage tazara biyu a tsakiyar suna kamar yadda na Excel ke yi. Ka kuma sani Power Query yana bambanta babban baƙi da ƙarami, Urea daban UREA daban, alhali da zarar bayanan sun shiga Power BI ɗaya yake ɗaukarsu. Shi ya sa za ka cire maimaici, ka zo ƙulla alaƙa tsakanin teburori, ya ce maka har yanzu akwai maimaici. Ka mayar da su duka manyan baƙaƙe kafin ka danna Remove Duplicates.

Kada ka bi sunaye kana musanya su ɗaya-ɗaya da Replace Values, matakai ɗari za ka tara. Ka yi ɗan teburi a Excel mai ginshiƙi biyu, Yadda Aka Rubuta da Yadda Ya Kamata, ka haɗa shi da bayananka ta Merge Queries. Sannan ka yi wani haɗin da nau'in Left Anti, wanda ke fito da sunayen da babu su a teburin gyaran. Duk wata ka leƙa, ka ƙara sababbin da suka ɓullo. Idan kuma kana aiki da ƙananan hukumomi har na maƙwabtan jihohi, suna kaɗai bai isa ya bambanta su ba: a cikin 774 ɗin nan akwai Bassa a Filato akwai Bassa a Kogi, akwai Obi a Nasarawa akwai Obi a Binuwai. Haɗa jiha da ƙaramar hukuma.

Tsofaffin takardu masu Janairu zuwa Disamba a jere a kwance, zaɓi ginshiƙin suna ka danna Unpivot Other Columns, watannin za su sauko tsaye.

Abu ɗaya da na haramta wa kaina shi ne Remove Errors. Layin da ya nuna kuskure ciniki ne na gaske, kuɗi ne wani ya biya. Ka kwafi teburin a Power Query, ka zaɓi Keep Errors, ka ba shi suna Tuhuma, ka sa adadin layukansa a kusurwar rahoto inda kowa zai gani. In ya nuna sifiri, madalla. In ya nuna 37, a kira shago.

Mataki na huɗu: tsara teburori da lissafi

Teburi babba ɗaya a tsakiya, na ciniki, mu kira shi Tallace. Ƙanana a kewaye: Kaya, Shaguna, Masu Saye, Kalanda. Kowane ƙarami yana da makulli, wato ginshiƙin shaida irin Lambar Kaya, da ba ya maimaituwa, alaƙa kuma ta tafi daga ɗaya zuwa da yawa, tacewa ta bi hanya guda. In Power BI ya ba ka shawarar alaƙar da yawa da da yawa, ka tsaya, galibi alama ce ta maimaici a ƙaramin teburi.

Je ka Options, a Data Load ka kashe Auto date/time, domin yana ƙirƙirar ɓoyayyiyar kalanda ga kowane ginshiƙin rana, fayil ya yi ta kumbura. Ka yi taka:

Kalanda = CALENDAR(DATE(2023,1,1), DATE(2026,12,31))

Ka yi mata Mark as date table. Sannan ka ƙara abin da manhajar ba ta sani ba game da mu: damina da rani, ranar kasuwar kowane gari, azumi da Sallah. Azumi ya kama 11 ga Maris a 2024, ya kama 1 ga Maris a 2025. Kowace shekara yana matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya, don haka mai sayar da sukari da gero da ya kwatanta Maris da Maris bai kwatanta abu ɗaya ba. Mai taki kuwa saukar ruwan sama yake bi, kuma manomin dankalin turawa a Bokkos ba lokaci ɗaya yake saye da manomin doya a Shendam ba.

Ma'aunan lissafi (Measures) kaɗan sun isa a fara, bayan ka ƙara wa Tallace ginshiƙin Kudi, wato kuɗin kowane ciniki, da na Kilo, wato nauyin kayan da aka sayar:

Ciniki = SUM(Tallace[Kudi])
Kilo = SUM(Tallace[Kilo])
Farashin Kilo = DIVIDE([Ciniki], [Kilo])
Cinikin Bara = CALCULATE([Ciniki], SAMEPERIODLASTYEAR(Kalanda[Date]))

DIVIDE ya fi alamar rabawa domin ba ya tayar da kuskure in aka raba da sifiri. Kada ka ɗauki matsakaicin farashin kowane shago ka sake fitar da matsakaicinsu. Shagon da ya sayar da buhu biyar zai yi nauyi ɗaya da wanda ya sayar da tirela. Jimillar kuɗi a kan jimillar kaya, ko yaushe.

Kuma kada ka taɓa nuna naira ita kaɗai. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu 2023, aka kuma saki naira a kasuwar canji a watan Yuni, farashi ya tashi ta yadda jadawalin kuɗi zai iya hawa sama alhali buhunan da ke fita daga sito raguwa suke yi. Ka ajiye kilo ko buhu kusa da naira a kowane shafi. Alhaji ya san hakan a jikinsa tun kafin ka zana. In allonka ya ce kasuwa na ci gaba shi kuma yana ganin sito a cike, allon zai daina kallo.

Kafin kowa ya ga rahoton, ka ɗauki wata guda da shago guda ka zauna da akanta. Jimillarka, littafinsa, takardar banki da ta POS. Sai sun hau kan juna, ko kun san dalilin kowane bambanci.

Shafin farko kuma ya zama mai sauƙi: lambobi huɗu ko biyar manya, jadawali biyu, da ranar da aka sabunta bayanan. A waya za a duba shi, don haka ka tsara Mobile layout.

Mataki na biyar: wallafawa da sabuntawa

Nan kuɗi ke shigowa. Don ka raba rahoto ta intanet, kai da masu kallo kowa na buƙatar lasisin Pro, sai fa in kamfani ya sayi babban rumbu nasa na musamman a wajen Microsoft, abin da ƙaramin dillali ba zai yi ba. Tun Afrilu 2025 kuɗin Pro dala 14 ne ga mutum ɗaya a wata. Rajista kuma sai da imel na kamfani ko makaranta, ba a karɓar Gmail ko Yahoo. Ka lissafa da gaske su wa ke buƙatar taɓa rahoton da hannunsu. In Alhaji ne kawai ke son gani duk Litinin, fitar da PDF daga Desktop ka tura masa ya wadatar, ba kunya a ciki. In kuma masu kallo suna da yawa kuma kuna da mai iya kula da saba, wato kwamfutar da za ta ɗauki manhajar, akwai Metabase, wata manhajar rahoto da za a iya girkawa kyauta, amma kulawarta aiki ce mai zaman kanta.

Idan za ka wallafa, kada ka sa a My workspace. Wannan ɗakinka ne kai kaɗai. Ranar da ka bar aiki aka rufe asusunka, an shiga uku. Buɗe wurin aiki na kamfani.

Sabuntawa ta atomatik tana da sharaɗi. In fayilolin suna kan kwamfutar ofis, sai ka girka On-premises data gateway, wata gada tsakanin ofis da intanet, kuma kwamfutar da ke ɗauke da ita dole ta kasance a kunne da intanet a daidai lokacin. Mu da muka san yadda ake ɗauke wuta, wannan ba ƙaramin alkawari ba ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ka mayar da foldar kan SharePoint ko OneDrive na kamfani, wato ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet, ka jawo ta da SharePoint folder. Ba ka buƙatar gada ko kaɗan, shaguna ma suna iya zuba fayilolinsu kai tsaye. In dole sai gadar, misali bayanan suna cikin SQL Server a ofis, to ka ɗora ta a kwamfutar da ke kan inbata ko sola, ka hana ta barci a saitin wuta, ka haɗa ta da waya maimakon wayifai, ka riƙa sabunta ta don sigogi shida na baya-bayan nan kawai ake tallafa wa. Wajen girkawa za ta nemi ka ƙirƙiri Recovery key. Rubuta shi a takarda, a sa a ambulan, a kulle a inda ake ajiye takardun fili. Ba shi, ba mayar da gadar a wata kwamfuta.

Da Pro sau takwas a rana za ka iya tsara sabuntawa, girman bayanan kuma kada ya wuce 1 GB. Sau ɗaya ko biyu ya ishi mai shago. Ka zaɓi yankin lokaci na Afirka ta Yamma ta Tsakiya, ka kuma tuna cewa TODAY da NOW a intanet da agogon UTC suke aiki, mu kuwa muna gaba da awa ɗaya, saboda haka tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya rahoton yana ganin jiya ce. Idan sabuntawa ta faɗi sau huɗu a jere, kashe ta ake yi gaba ɗaya. Idan aka yi wata biyu ba wanda ya buɗe rahoton, dakatar da ita ake yi. Ka sa imel ɗin mutum biyu a wajen sanarwar gazawa. Sanadin da na fi gani shi ne an sauya kalmar sirri an manta ba a sabunta ta a Data source credentials ba, ko wani ya sake wa ginshiƙi suna don ya fi masa daɗin gani.

Mataki na shida: wa zai ga me

Matsayi huɗu ne a wurin aiki: Admin, Member, Contributor, Viewer. Admin ya zama mutum biyu, kai da wani amintacce na gidan. Duk mai kallo Viewer ne.

Don manajan Mangu ya ga Mangu kawai, ka sa ginshiƙin Imel a teburin Shaguna, ka je Modeling, Manage roles, ka ƙirƙiri matsayin Manaja da wannan sharaɗi:

[Imel] = USERPRINCIPALNAME()

Gwada da View as, ka wallafa, sannan a intanet ka buɗe Security na bayanan ka zuba manajojin cikin matsayin. Ga inda ake faɗawa rami: wannan katangar a kan Viewer kawai take aiki. Wata rana wani manaja ya kira ni, "Malam, don Allah ɗan ɗaga ni sama in gyara launin jadawalin nan." Na mayar da shi Contributor, na manta. Sati bai zagayo ba ya san ribar kowane shago, har ya yi wa takwaransa gori a gaban Alhaji. Laifina ne, ba nasa ba.

Fayil ɗin .pbix ma, wato wanda Power BI Desktop ke adana rahoton a ciki, kada ya yi yawo a WhatsApp. Dukkan bayanan suna cikinsa, kuma wanda ya buɗe shi a Desktop babu katangar da za ta tare shi. In wani na son tsarin don koyo, adana masa a .pbit, wanda ƙashin ne ba nama.

Mafi haɗari shi ne Publish to web. Yana da daɗi domin ba ya neman lasisi ko kalmar sirri, kuma dalilin haɗarinsa ke nan: duk wanda ya samu adireshin a duniya zai buɗe. Shiga Admin portal, a Tenant settings ka kashe shi, ka duba Embed codes ka goge waɗanda aka riga aka ƙirƙira. Sunayen manoma da lambobin wayarsu da bashin da ake bin su amana ce, kuma yanzu doka ce: Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yuni 2023 ta kafa hukuma a Abuja, ta kuma ce idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su, a sanar da hukumar cikin awa 72. Abin da rahoto ba ya buƙata, kada ma ka ɗora shi. Don ƙirga masu saye lamba ta wadatar. NIN da BVN ba su da abin yi a allon ciniki. Ka kunna tabbatarwa mai hawa biyu, wato ƙarin shaida bayan kalmar sirri, ga kowane asusu, kuma kowa da nasa, ba asusu ɗaya da ake karɓa-karɓa ba.

Ajiya da miƙa aiki

Kwafi uku nake riƙewa na foldar fayiloli da teburin gyaran sunaye da .pbix: na kwamfutar aiki, na kan intanet, da na faifan waje da ke kwana a wani gini daban. Kafin kowane babban gyara ina adana sabon kwafi da kwanan wata a sunansa. Ku kuma daidaita sigar Desktop a ofis, domin kusan duk wata ake fitar da sabuwa, kuma fayil ɗin da aka adana da sabuwa yana iya ƙin buɗuwa a tsohuwa.

Sai takarda ɗaya, shafi biyu kacal: ina foldar take, wa ke turo fayil ɗin kowane shago da wace rana, kilo nawa muka ɗauki mudu, me muke nufi da ciniki, da bashi ko ba bashi, ƙarfe nawa ake sabuntawa, ina ambulan ɗin makulli yake. A rubuta har da yadda sabon mutum zai danna Take over a saitin bayanan ya sa nasa izinin shiga, tunda sabuntawa da asusun mai ita take tafiya. Ranar da ma'aikaci ya ajiye aiki, a ranar ake cire shi, ba ƙarshen wata ba.

Duk wata uku nakan gwada. Na miƙa wa mataimakiyar akanta takardar da faifan waje da wata laftof, na ce, "Malama, ki ɗauka na yi tafiya Kano wayata a kashe. Fito mini da cinikin Bokkos na watan jiya." Sai na koma gefe na kama bakina. Gwajin farko ta tsaya a layi na huɗu, domin na rubuta "buɗe foldar da aka saba", ita kuwa ba ta taɓa ganin foldar ba. Na karɓi biro na rubuta cikakken adireshin, ta ci gaba.